Shekarar da Innarku Ta Gudu Daga Ajin Ɗan Shagari

Da sunan Allah mai rahama, wanda ya ja mini kwana har na zauna a tsakar gidana ina jin jikokina suna ba da labarin gidan a karkace. Abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan babi shi ne, ranar sunan jaririn ɗana Bashiru na ji Hafsatu, jikata mai bakin nan, tana gaya wa ƙawayenta wai Inna ta samu digiri ne a sauƙaƙe, tunda ɗanta ne malamin aji, shi ya zuba mata maki kamar ana zuba gero a buhu. Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce a raina, in na mutu ban gyara wannan ba, haka za a riƙa faɗa har tattaɓa-kunne. To ku matso, ku 'ya'yana da 'ya'yanku, ku ji daga bakin wanda ya yi jami'ar da kansa. E, ni. Kwana uku na yi, kuma zan zo kansu.

Kun san ni Garba, a aji huɗu na tsaya. Ba kora ta aka yi ba, kada wani ya ƙara mini wannan. Mahaifina ne ya zo makaranta wata safiya ya ce a ba shi aro na, akwai ban ruwan albasa a fadama, in an gama zai maido ni. Har ya koma ga Allah ba a gama ban ruwan ba. Don haka ni karatuna bai ƙare ba, dakatar da shi aka yi. Ina karanta Hausa sarai, ina sa hannu, ina gane abin da aka rubuta a buhun taki in ba su cika iyayi ba. Innarku kuwa, Luba, firamare ta gama a Shagari kafin in ɗauko ta zuwa Bodinga. Sai da ta yaye autanku sannan ta ce mini za ta shiga makarantar matan aure. Na ce ta shiga, a zatona wata biyu za ta yi ta gaji. Ta zana jarrabawar sakandare ta ci. Ta tafi kwalejin horon malamai ta fito da takardar malanta. Aka ba ta aji a wata firamare a Sifawa, ta yi shekara tara tana koyarwa. Ni duk ina fadama ina jiran ta gaji.

Wata rana tana tsince shinkafa ta ce mini jami'a take so. Wai masu takardar kwaleji irin tata ana ɗaukarsu kai tsaye a aji biyu, in Allah ya sa an ga dama, don guraben kaɗan ne, masu nema kuwa kamar tururuwa. Na ce mata mi ya rage miki, ga aiki ga girma? Ta ce yaran da ta koya wa yadda ake riƙe alli suna zuwa da digiri a ɗora su a kanta, ba ta jin haushinsu, amma tana so ta ga abin da aka nuna musu da idonta. Ta nema, ba a ba ta ba. Ta sake nema, ba a ba ta ba. A karo na uku sunanta ya fito, tana da shekara arba'in da bakwai. Wurin aikinta suka ba ta hutun ƙaro ilimi na shekara uku, suka ce ko kwana ɗaya ba za a ƙara ba. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya: ba ta da shekarar da za ta maimaita.

Yanzu sai in gaya muku abin da ku yaran yanzu kuke gani kamar wasa. Babban yayanku, wanda har yau nake ce wa Ɗan Shagari, shi ne ɗanmu na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Yana cika shekara biyu Iya, mahaifiyar Innarku, ta zo ta goya shi ta tafi da shi Shagari, can ya girma. Iya yake kira uwa. Innarku kuwa Adda yake ce mata, kamar yayarsa. In ya zo Bodinga hutu ya shigo ɗaki, ita sai ta tuna ta bar wani abu a madafa. In za ta ba shi abinci sai ta ce wa bango, "A gaya wa wancan tuwonshi na hucewa." Shekara ashirin da tara haka suka yi. Ni ma ina da tawa kunyar, amma ta maza ce, mara nauyi: muna magana da shi, ina kallon gefe. Yaron ya yi karatu, Allah ya buɗa masa kai a lissafi, har jami'ar ta riƙe shi yana koyarwa. Da sunan Innarku ya fito na tuna mata da wannan. Ta ce jami'a gari ce guda, shi yana sashen lissafi, ita tana sashen ilimi, ina za su haɗu?

Ranar Talatar farko ta fita tun da sanyin safiya da sabuwar jaka, na raka ta bakin titi ta shiga motar Sakkwato. Kafin azahar ina gyaran injin ban ruwa a ƙofar gida sai ga ta ta dawo, ba jaka, mayafi har hanci. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Na bi ta ɗaki da baƙin mai a hannuna.

"Malama, har an ba da digirin?"

Ta zauna a bakin gado.

"Ko an ce tsofaffi su koma gida?"

"Wancan ne," in ji ta.

"Wane wancan? Wancan na da yawa a duniya."

"Wancan na Shagari. Shi ne malamin."

Sai daga baya na samu labarin a cike daga bakin Rukayya, wata yarinya 'yar ajinsu da ta kawo mata jakar washegari. Akwai wani kwas na ƙididdiga da ya zama dole ga duk ɗan aji biyu a sashensu, kuma daga sashen lissafi ake aro malaminsa. Dattijon da ya saba koyar da shi ya tafi jinya, aka miƙa wa yayanku a makon. Innarku ta je da wuri ta kama kujerar gaba, saboda idonta ba ya ganin allo daga nesa. Tana zaune ta buɗe littafi, malami ya shigo. Rukayya ta ce ta ga Mama, haka suke kiran Innarku a aji, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zaci atishawa za ta yi. Shi kuwa bai lura ba, ɗalibai sun cika ɗaki har taga. Ya ce sababbin da suka zo daga kwaleji zai kira sunansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe a san shi. Ya kira, ya kira, ya zo kan wani suna ya fara, "Luba…" sai muryarsa ta tsaya. Ya ɗaga kai. Ita kuma ta miƙe, ba don a san ta ba, ta bi ta gabansa ta fice.

Sauran darussa ta ci gaba da zuwa. Amma Talata da Alhamis, lokacin ƙididdiga, sai ta zauna gindin wata dalbejiya a bayan ginin har a tashi. Mako biyu ana haka. Ran nan ina fadama cikin kwamin albasa, wato fangalin da nake ba ruwa, sai ga Ɗan Shagari a kan babur, da takalmin ofis. Ya tsuguna ya gaishe ni, na amsa ina kallon injin.

"Baba, na je wurin shugaban sashe na gaya mishi gaskiya. Ya ce takardar jarrabawar Adda wani malami zai duba, ni ko taɓa ta ba zan yi ba. Amma aji guda ne, babu wani. Kuma wanda bai cika zuwa ba, ba a barinshi shi zauna jarrabawa."

"In ba ta zauna ba fa?"

"Sai baɗi. Baɗin ma wataƙila ni ne."

"Saura nawa ta faɗa ramin?"

"In ta ƙara rasa huɗu, shi ke nan."

Ya tsinki ganyen albasa ya murza a yatsunsa. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa zaton yana cikinsa ba.

"Na san al'ada ce, Baba. Tun ina yaro in na shigo sai ta fita, na saba. Amma rannan a gaban mutum ɗari biyu ta yi shi. Na tsaya da takarda a hannu na manta abin da na zo koyarwa."

Na ce masa ya tafi, zan san abin yi. Ya tafi. Ni kuwa ban san komai ba.

Amma Allah bai hana ni dabara ba, ko da ba kullum take da kyau ba. Na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. Na ce, shin ɗaurin aure ba ya fi ƙididdiga girma ba? Ya fi. To a ɗaurin aure ango yana zuwa? Ba dole ba, wakili ake turawa. Amarya fa? Waliyyi ke tsaya mata. In Allah ya karɓi wakili a aure, wace ce jami'a da za ta ƙi? Ranar Alhamis na sa babbar rigata ta Juma'a, na ɗauki littafin Innarku da biro biyu, ban gaya mata ba, na hau mota. Rukayya ta nuna mini ɗakin. Na zauna a kujerar gaba, wadda matata ta bari. Yara suna ta leƙe na, wasu suka miƙe suna gaishe ni, sun zaci an turo ni duba malamai. Na bar su a kan zatonsu.

Yayanku ya shigo, muka haɗa ido, karo na farko a rayuwarmu da ban kau da kai ba, don ɗalibi ba ya kau da kai daga malami. Ya ajiye littattafansa a kan tebur. Ya juya ga allo. Wallahi yaron nan ya iya aikinsa, ko da yake Turancin da ya yi, cikin kalma goma ɗaya nake cafkewa. Abin da ya rubuta kuwa ban bar ko ɗigo ba. Akwai wani harafi mai kama da kujerar tsugunno an kwantar da ita a gefe, na zana shi. Akwai wani kuros, sanda biyu a giciye, da aka ɗora wa hula, na zana shi da hularsa. Da takardar sa hannu ta zagayo, na nemi sunan Innarku na rubuta a gabansa da kyakkyawan rubutu: Garba, a madadin iyalinsa.

Na koma ranar Talata. Na koma Alhamis ta gaba. A rana ta ukun ne ya zana wani tudu a allo, tsakiyarsa ta yi sama, gefe da gefe sun kwanta. Na raɗa wa Rukayya, mi ke nan? Ta ce wai yana nuna cewa a kowane taro matsakaita sun fi yawa, manya ƙwarai kaɗan ne, ƙanana ƙwarai ma kaɗan. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Ashe albasa ce! Kowane kwami ka haƙa haka yake. Manya 'yan kaɗan, 'yan firit kaɗan, matsakaita su ka cika buhu. Wanga shi ne kuka tara mutane a kai?"

Ɗaki ya ɗauki tafi da dariya. Malam ya dafe tebur, kafaɗunsa suna rawa, sannan ya ce da Hausa, "Abin da Baba ya faɗa shi ne darasin yau." Daga ranar yaran suka sa mini Baba Furofesa, sunan da har yau direbobin tashar Bodinga ke kira na da shi. Amma da aka tashi ya tare ni a bakin ƙofa, ya rage murya.

"Baba, jami'a ba ta karɓar wakili."

"Aure ma ya karɓa."

"Na sani. Ita ba ta karɓa. Ukun nan duk an rubuta Adda ba ta zo ba. Saura ɗaya."

Kun ji amfanin karatuna. Na ƙone wa matata kwana uku ina zaton ceto nake yi.

Da la'asar na kai mata littafin na faɗa mata komai. Ta buɗe ta ga kujerar tsugunno da kuros mai hula, ta ga inda na zana tudun na rubuta "albasa" a ƙasansa don kada ta ruɗe. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, har ta kwanta a tabarma. Ban ankara ba dariyar ta juye ta zama kuka. Ta share ido ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. Turanci ne, amma na gane sunanta da na jami'a.

"Ta ajiye karatu ce," in ji ta. "Litinin zan kai. Na gode, Malam, ka yi abin da ba kowane namiji zai yi ba. Amma ba ni iya zama shina tsaye a kaina, shi kira sunana in amsa. In Iya ta ji fa? In mutanen Shagari sunka ji?"

Ta ambaci Iya, sai na ga inda igiyar take ɗaure. Ranar Asabar na kama hanyar Shagari.

Sai kun san yadda nake da Iya sannan za ku gane girman abin da na yi, don ina so a rubuta mini shi cikin ayyukan jarunta. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin fuskar matar nan da kyau ba. In na je gaisuwa, a zaure nake cire takalmi, in tsuguna a bayan zana, in yi ta "ranki shi daɗe" ina kallon ƙasa, ita tana amsawa daga ciki. Ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Wata shekara na hango ta a hanyar Mandera tana dawowa daga biki, na faɗa gonar gero da kekena, na kwanta har ta wuce, ƙaiƙayi ya ci ni kwana biyu. To ni ne rannan na cire takalmi, na wuce zanar, na shiga har tsakar gida. Tana zaune a kan kujera tana ɓare gyaɗa. Ta ɗaga kai ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, ranki shi daɗe."

"To wa za shi mutuwa? Don Garba ba shi shigowa nan da ƙafarshi a banza. Ashe haka kake? Ni na zaci kana da tsawo."

Na tsuguna na zayyana mata komai, har da kwana ukuna, don a gaban suruka ba a ɓoye laifi. Da na zo kan wakilci ta ajiye gyaɗar ta yi dariya har tari ya kama ta. Da na zo kan takardar ajiye karatu, ta daina.

"Shekara nawa tana neman wurin nan?"

"Uku, ranki shi daɗe. In an haɗa da na baya, sun fi goma sha biyar."

"Kuma za ta zubar saboda ni?"

"Saboda kunya."

"Kunyar nan wa ya koya mata? Tashi ka nemo muna mota."

A gidan gaba ta zauna, ni a baya, har Bodinga. Innarku tana shanya ta ga uwarta ta shigo ina biye da ita ɗauke da sandarta, sai zanen da ke hannunta ya faɗi. Iya ba ta ko zauna ba.

"Luba, an ce kin gudu daga aji don ɗanki ne malami. Ni ban san kina da ɗa a jami'a ba. Wa ya yaye shi? Wa ya goya shi har bayana ya goge? Da ƙyanda ta kama shi, wa ta kwana bakwai ba ta runtsa ba? Wa yake kira uwa?"

"Ke ce, Iya."

"To ɗana ne. Ke mi yake ce miki?"

"Adda."

"Ashe ƙanenki ne. A ina kika taɓa jin an ji kunyar ƙane? Ranar Talata ki tahi ajin ƙanenki ki zauna. In ya kira ki ki amsa. Wanda duk ya yi magana a Shagari, ki turo mini shi."

Ni a lokacin murna ta cika ni, na ce kai, tsohuwar nan ta fi shugaban sashe iya warware matsala. Ban dubi fuskar Innarku da kyau ba. Ta ce, "To, Iya." Ta sunkuya ta ɗauki zanen ta yi ta kakkaɓe shi, alhali ba abin da ya taɓa shi.

Ranar Talata ta koma ta zauna a kujerar gaba. Rukayya ta ce da ya zo kan sunanta bai kira ba, ya ce, "Lamba ta goma sha bakwai." Ta ce, "Na'am, Malam." Kalmar farko ke nan da ta taɓa faɗa masa kai tsaye tun da ta haife shi. Daga nan abu ya miƙe. Aka ji a aji cewa Mama yayar Malam ce, kowa ya ce ai ga kama nan. Ba ta ƙara rasa ko rana ɗaya ba. Ƙididdigar ta ba ta wuya ƙwarai, don lissafin da aka yi mata a kwaleji bai kai nan ba, yaran da suka fara daga aji ɗaya sun riga ta nisa. Takan ɗaga hannu ta ce, "Malam, a maimaita," shi kuma ya maimaita har sau uku ba ya gajiya. Ni kuwa sabon aiki ya same ni, don tunda Iya ta ga fuskata ta ce ba sauran ɓuya. Kowane mako sai ta aiko a kira mata Furofesa ya zo ya gyara mata rediyo ko ya ba ta labarin wakilci, ta tara maƙwabta su ji.

Sai dai na lura Innarku ta rage magana. Karatu yana tafiya, amma dariyarta ta yi ƙasa. Wata Juma'a da hantsi muna zaune, tana yanka kuɓewa, na tsokane ta.

"Yaya ƙanen naki? Yana koyarwa da kyau, ko in koma in taimaka mishi?"

Ta ajiye wuƙar.

"Malam, kada ka ƙara ce mini haka."

"Ai Iya ce ta…"

"Na san abin da Iya ta ce, kuma na gode mata. Amma wata tara ni na ɗauke shi. Ranar da anka tahi da shi Shagari, ina bayan ɗaki ina leƙe ta zana, ba ni da ikon in yi kuka a gani. Da ƙyandar da take faɗa ta kama shi, kwana bakwai ni ma ban ci abinci ba, ba wanda ya sani. Da can ba ni faɗin sunanshi, amma kowa ya san nawa ne. Yanzu ina mishi magana, an ce ba nawa ba ne."

Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba. Ni da bakina ba ya mutuwa, rannan ya mutu. A nan na gane da abin da muka sayi kujerar nan ta gaba, kuma ita kaɗai take biya.

Ranar darasi na ƙarshe kafin jarrabawa na kai albasa kasuwa a Sakkwato, na ce bari in biya mu dawo tare. Na tsaya a bakin taga, yara suna ɗaga mini hannu. Malam ya gama, ya yi musu fatan alheri, ya juya yana goge allo, ɗalibai suna tattara littattafai. Sai wani saurayi daga layi na biyu, irin masu neman suna, ya leƙo kan Innarku ya ce da ƙarfi don a ji:

"Mama, ki roƙar muna ƙanenki mana shi sassauta jarrabawar. Ai ƙane ba shi ƙin maganar yayarshi."

Aka yi dariya. Na ga Innarku ta rufe littafinta a hankali. Ta miƙe tsaye. Ba ta ja mayafi ba. Ta juya ta fuskanci yaron, da muryar da take tsawata wa 'yan firamare ta ce:

"Ba ƙanena ba ne. Ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na fari. Kuma ba a roƙonshi, ku je ku yi karatu."

Dariyar ta yanke. Yayanku bai juyo ba. Allon nan ya riga ya goge shi tas, amma ya ci gaba da gogewa, wuri ɗaya, yana ta gogewa, har ɗalibai suka fara fita a hankali. Da ɗakin ya kusa zama wayam ta ɗauki jakarta, ta zo daidai tebur ta tsaya. Ba ga bango ta yi magana ba.

"Malam, in ka tashi ka biyo gida. Na yi miyar kuɓewa."

Ya ce, "To, Inna."

Ni a bakin taga wani abu ya faɗa mini a ido. Albasa na yini ina ɗauka, kowa ya san halinta.

To Hafsatu, ga gaskiyar makin da kika ce an zuba. Wata malama ce daga wani sashe ta duba takardar kakarki, ba ta ko san ta ba, kuma abin da ta ba ta matsakaici ne, irin albasar da ke cika buhu. Shi ne mafi ƙanƙanta a duk sakamakonta na shekara ukun, har yau in an tuna mata sai ta yi tsaki. Ta gama a kan lokaci, ko kwana ɗaya ba ta ƙara ba. Da labarin abin da ta faɗa a aji ya kai Shagari, an zaci Iya za ta yi faɗa. Cewa ta yi, "Kusan shekara talatin ina riƙe mata shi, sai yanzu ta zo karɓa?"

Sunansa kam har gobe Innarku ba ta faɗa, ni ma kun ga ban rubuta shi ba. Malam take ce masa. Amma in ya shigo ɗaki yanzu, ba ta tuna ta bar komai a madafa. Littafin da na yi wakilci da shi yana cikin akwatinta, tare da takardar digirin, a leda guda. Wanda ya yi shakkar na yi jami'a ya je ta nuna masa. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ku gaji ƙwaƙwalwar Innarku, gadon bakina kuwa ya tsaya a kan Hafsatu.